Maki 213 na ci a JAMB amma likitanci nakeso a ABU, Anti inada dama kuwa?

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ɓoye sunana. Ni 'yar jihar Katsina ce, shekarata 19, shekara biyu kenan da gama sakandare. Tun ina ƙarama burina in zama likitar mata kuma ABU Zariya nakeso, a gidanmu har Dakta ake kirana. Bara nayi JAMB na ci 188 ban samu komai ba, bana na sake na samu 213, na kuma cika ABU likitanci a zaɓi na farko. WAEC ɗina ba wani abin a zo a gani bane, B3 a Bayoloji, C4 a Lissafi, C5 a Fiziks, Kemistiri da Turanci kuma C6. Wata ƙawata da ta ci sama da 250 bara ma bata samu ba. Yanzu Baba yace ya gaji da zamana a gida, in ban samu admishan bana ba zai ba masu neman aurena dama su turo. Umma tace in canza kowane kos ne indai zan shiga makaranta. Kawuna kuma yace ya san wani mutum da zai sa sunana a lis in an bada dubu 400, Umma har ta fara maganar saida awakinta da 'yan kunnenta. Wallahi bana iya bacci. Inada dama ko in haƙura?

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Na karanta saƙonki sau biyu, kuma inda na tsaya na daɗe shine wajen awakin Umma da 'yan kunnenta, dan na san abinda akuya take a hannun mace a ƙauye, ita ce bankinta ita ce asibitinta ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi. Zan dawo kan wannan. Amma bari in fara da makinki tunda shi ya hanaki bacci.

213 ba faɗuwa bace, kar ki bari kowa ya sa miki wannan a rai. JAMB ana cinta ne bisa 400, kuma a 2024 da 2025 duka fiye da kashi 70 cikin 100 na waɗanda suka zauna jarrabawar basu kai 200 ba, kinga kenan kina cikin 'yan tsirarun da suka tsallake wannan layin, sannan kin tashi daga 188 zuwa 213 kina zaune a gida ba malami a kanki, wannan ƙoƙari ne na gaske. Mafi ƙarancin makin shiga jami'a da aka tsaida a 2025 ma 150 ne. Matsalar kawai itace shi likitanci ba da duka masu JAMB kike takara ba, da na sama-saman kike yi, yaran da suka ci 270, 290, wasu har 300 da ɗoriya, kuma duk ƙofa ɗaya suka nufa. Hukumar likitoci ta ƙasa wato MDCN tana yanke wa kowace jami'a adadin ɗaliban da zata ɗauka a likitanci gwargwadon malamanta da gadajen asibitin koyarwarta, ko shugaban jami'a bai isa ya cika aji yadda yaga dama ba, in ya wuce ƙa'ida lasisin yaran ne zai shiga matsala daga baya. To ABU da aka kafa tun 1962, wadda duk ɗan arewa mai son likitanci ita yake fara rubutawa, dubbai ne ke nema gurbin kuma kaɗan ne.

Dan haka tunda kin tambayeni kai tsaye zan baki amsa kai tsaye, gaskiya ɗaci gareta amma gara ki jita daga bakina yanzu da ki jita daga lis bayan wata huɗu lokacin da duk sauran ƙofofi sun rufe. Da 213 damar samun likitanci a ABU ƙanƙanuwa ce sosai. Bance Allah bazai iya ba, Allah mai iko ne akan komai, amma ba irin damar da za'a jingina mata shekara guda ta rayuwarki bace, balle kina da wa'adi daga Baba. Labarin ƙawarki mai 250 da wani abu shi kansa ya isheki hannunka mai sanda.

Na san za'a ce miki ai ke 'yar Katsina ce, akwai kason jiha. Eh akwai, tsarin jami'o'in tarayya shine kashi 45 na cancanta zalla, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda aka bari a baya a ilimin boko, kuma Katsina tana cikinsu. Amma ki duba da kyau, Kano na ciki, Jigawa na ciki, Kaduna, Zamfara, Sakkwato, Kebbi, Bauchi duk suna ciki, wato kusan duk wanda ke layi ɗaya da ke a Zariya shima wannan rigar ce a jikinsa. A cikin 'yan Katsina kaɗai masu neman likitanci a ABU mutum nawa kike zaton sun fiki maki? Kason yana taimakon wanda ya kusa kai wa ya rage masa kaɗan, baya ɗauko mutum daga nesa. WAEC ɗinki kuma alhamdulillahi kin haɗa kiredit biyar ɗin da ake buƙata kuma a zama ɗaya, wannan babban abu ne dan makarantu da yawa basa karɓar haɗin zama biyu a likitanci, sai dai a jami'o'in da ke saka makin WAEC cikin lissafin jimilla C6 a Kemistiri zai ja ki baya. Kowace jami'a da nata lissafin kuma suna canzawa, sai ki karanta sanarwar shekarar da idonki, kar ki dogara da ance-ance na guruf ɗin WhatsApp.

Yanzu maganar mutumin Kawu. Ƙanwata ina roƙonki da girman Allah kar a saida ko akuya ɗaya. Ban ce Kawu macuci bane, mai yiwuwa shima da zuciya ɗaya yake son taimakonki, wani ne ya cika masa baki. Amma tun 2017 JAMB ta kawo tsarin CAPS, duk admishan na gaskiya ta nan yake bi, jami'a ta miƙa suna JAMB ta amince ke kuma ki shiga da kanki ki danna kin karɓa, duk wanda bai bi ta nan ba JAMB bata san da zamansa ba, kuma irin waɗannan ne ke gama karatu a zo tafiya bautar ƙasa a nemi sunansu a rasa. Akwai yaron maƙwabtanmu da na gani da idona, mahaifiyarsa adashinta ta kwasa aka kai wa wani mai irin wannan alƙawarin, aka kawo masa takardar admishan mai kala harda tambari, aka yi masa sayayya, katifa sabuwa a naɗe da igiya, bokiti, risho, garin kwaki da ƙuli-ƙuli a leda, duk unguwa aka yi masa Allah ya bada sa'a. Kwana biyu sai gashi ya dawo da katifar ko kwance igiyar ba'a yi ba, wajen rijista aka buga lambarsa a kwamfuta babu shi babu alamarsa, lambar wayar mutumin kuma tun ranar bata sake shiga ba. Uwar ta fi wata bata fita ko biki ba dan kunya. Wasunsu ma wayonsu shine su karɓi kuɗin mutum goma su zauna shiru, wanda Allah ya ba admishan da makinsa suce aikinsu ne, wanda bai samu ba suce a ƙara haƙuri lis na biyu na nan tafe. In Kawu ya matsa, ki ce masa cikin ladabi Kawu na gode da kulawa amma Baba yace a bari aga abinda CAPS zai nuna tukuna, kuma ko da wasa kar ki ba kowa imel da lambar sirrin shafinki na JAMB, da su ake canza wa yara kos ko a karɓar musu admishan ɗin da basu so.

To mafita fa? Kafin in lissafo miki hanyoyi inaso ki zauna ke kaɗai ki raba abu uku da kika ƙulle a ƙulli ɗaya, ABU daban, zama likita daban, taimakon mata a asibiti daban. Wanne ne in aka cire shi zuciyarki bazata taɓa kwanciya ba? Dan da yawan yaranmu sunan makaranta ne ke jansu, ace ai wance tana Samaru inda ABU take, kuma ban raina wannan ba, ABU makaranta ce mai daraja. Amma matar da ke naƙuda ƙarfe biyun dare bata tambayar wace jami'a kika yi.

In ABU ce ke ranki ko ta halin ƙaƙa, to ki canza kos tun wuri zuwa wanda makinki zai yi gogayya a cikinsa, irin su Bayoloji, Maikurobayoloji, Bayokemistiri ko ɓangaren koyar da kimiyya, ki kuma dage da shirin Post-UTME, wato tantancewar da jami'a ke yi bayan JAMB, in sun kira dan a nan mutum ke rage tazara. Famasi da digirin aikin nas da Medikal Lab kar ki ɗauka sauƙi garesu, duk wanda ya gudo daga likitanci can yake faɗawa shiyasa suma makinsu ya hau. Sannan akwai wani tarko da nakeso ki sani, za'a ce miki ki shiga Anatomi ko Fisiyoloji in kin yi ƙoƙari a aji ɗaya sai ki koma likitanci. Yana faruwa amma ga mutum ƙalilan, wasu makarantun ma sun rufe wannan ƙofar gaba ɗaya, na ga yara da yawa da suka shiga da wannan niyyar suka ƙare shekara huɗu suna karatun da basa so suna hangen 'yan MBBS, wato masu karatun likitanci, da farar riga. In zaki ɗauki kos ki ɗauki wanda ko ba'a canza miki ba zaki iya zama dashi.

In kuma likitancin ne ba makarantar ba, sai ki waiwayi jami'o'in da cunkosonsu bai kai na Zariya da BUK ta Kano ba, akwai ta Umaru Musa 'Yar'adua a gida Katsina wadda kasancewarki 'yar jiha zai yi miki amfani sosai fiye da yadda zai yi a ABU, akwai ta tarayya da ke Dutse, akwai ta kimiyyar lafiya da ke Azare. Bazan ruɗeki ba, ko a can 213 a likitanci da kamar wuya, amma a sauran kwasa-kwasan kimiyya da na lafiya makinki zai yi magana. Ki tuna galibin jami'o'i wanda ya sasu zaɓi na farko kawai suke dubawa, dan haka barin ABU a sama kina jiran wata ta kiraki daga ƙasa zaman jiran gawon shanu ne.

Hanyar da nafi so ki kalla da idon basira kuwa itace kwalejin nas da ungozoma, dan a wasiƙarki baki ce kinason kuɗi ko suna ba, cewa kikayi likitar mata. Jiharku tana da makarantar nas a cikin Katsina da ta ungozoma a Malumfashi, ga makarantun kiwon lafiya a Kankiya da Daura. 213 ɗinki da ya zama ƙarami a layin likitanci a wannan layin babba ne, duk da suma suna da tasu tantancewar kuma ana rububinsu ba kaɗan ba. Ki shiga ɗakin haihuwa na kowane babban asibiti a arewa ki ga waye a tsaye kan mata dare da rana, ungozoma ce, ita ke fara gane jini ya yi yawa, ita ke gane jijjiga na tafe, sau da yawa kafin likita ya iso ita ta riƙe ran. Kuma in kin gama kin samu lasisi ƙofar jami'a bata rufe ba, ana shiga digirin aikin nas ta DE, wato shiga jami'a kai tsaye ba daga aji ɗaya ba. Ban kawo miki wannan dan in rarrasheki da ƙaramin abu ba, aiki ne da nake girmamawa har zuciyata.

Sai hanyar IJMB, wadda ita ABU ɗin ce ma ke kula da jarrabawarta. Karatu ne na kamar shekara guda a darussa uku, ke naki zai zama Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, in kin ci sai ki sayi fom ɗin DE ki nemi aji biyu kai tsaye. Makarantar sharar fage ta ABU ɗin ma a Funtuwa take, cikin jiharku, a Kano kuma akwai kwalejin sharar fage da aka fi sani da CAS. Amfaninta gareki biyu ne, na farko kin bar zaman gida kin zama ɗaliba wanda shine abinda Baba ke son gani, na biyu zaki zauna gaban malami ya gyara miki Kemistirin nan daga tushe, abinda zai taimakeki ko JAMB kika sake. Amma gurbin likitanci ta DE ya ma fi na JAMB ƙanƙanta, sai wanda ya kwashe kusan duka makin, dan haka ki shiga da sanin hakan, kuma ki tabbata cibiyar da zaki shiga tana da rijista ta gaske dan akwai na bogi da yawa masu cin kuɗin mutane.

Sake JAMB karo na uku ba laifi bane, amma ni ban yarda ki sake ta kina zaune a tsakar gida kina wanke-wanke kina jiran shekara ta zagayo ba. Ki shiga wani abu tukuna sannan ki sake in har zuciyarki ta kasa haƙura, ki faɗi gaskiya wajen cike fom cewa kina wata makaranta, in Allah ya baki likitancin sai ki saki ɗayan. Kuma ki ɗauko sakamakonki na bana ki kalli darussa huɗun ɗaya bayan ɗaya, 213 ɗin nan a ina ya zube? In Turanci ne ya ja ki ƙasa maganinsa daban, in Fiziks da Kemistiri ne to ba haddar tsofaffin tambayoyi zata fidda ke ba sai an koma an fahimci abin. Daga 213 zuwa inda likitanci yake ana maganar ƙarin maki 50 ko fiye, ana yi, amma ba da irin karatun da kikayi bara da bana ba.

Baba kuma kar ki ɗauke shi abokin gaba. Ki sa kanki a matsayinsa, shekara biyu yana biyan kuɗin fom da na mota zuwa cibiyar jarrabawa, yana fita masallaci ana tambayarsa ya maganar Dakta, ga masu sallama a ƙofar gida, ga 'yan uwa masu cewa ka bar yarinya ta girma a gabanka. Ni a fahimtata ba karatunki ya tsana ba, rashin tabbas ne ya gajiyar dashi, in da baya so da tun bara bai sake biya miki ba. Abinda zai sauko dashi shine yaga tsari a hannunki. Ki nemi lokacin da hankalinsa ke kwance, bayan isha'i ya ci abinci, ki durƙusa ki gaishe shi ki ce Baba na yi bincike, likitanci a ABU da wuya bana, amma ga abinda makina zai iya samo min, ga kuɗin kowanne, ga lokacin da ake fara karatu, ina neman shawararka da albarkarka. Ki rubuta a takarda ki miƙa masa, iyayenmu maza suna girmama abinda aka rubuta. In kina jin nauyin bakinki ki nemi wanda yake jin maganarsa, Goggonki ko wani amininsa ko tsohon malaminki na makaranta ya zauna tare daku. In maganar kuɗin makaranta ce ta taso ki gaya masa akwai bashin karatu na NELFUND da gwamnatin tarayya ta fara a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati, babu ruwa a ciki. Maganar aure kuma kar ki buɗe ta da bazan yi ba, aure ba abin gudu bane kuma mata nawa ne ke karatu da aurensu da goyonsu, abinda zaki roƙa shine kar a yi shi a matsayin hukuncin rashin admishan, kuma duk wanda zai turo a yi maganar karatunki dashi a gaban manya tun kafin a karɓi komai, kuma ya zama wanda ke kin yarda dashi, wannan haƙƙinki ne a addini.

Umma kuwa tsoro ne ke magana a bakinta, tana ganin in baki shiga ko'ina bana ba shikenan, shiyasa tace kowane kos kuma shiyasa ta yarda ta rabu da abin hannunta. Rabin maganarta gaskiya ne, ki shiga makaranta bana. Inda zaki gyara mata shine ba kowane kos ba, wanda kika zaɓa da hankalinki. Ki ce mata ta riƙe awakin, ranar biyan kuɗin rijista na gaskiya zasu yi rana.

Cikin satin nan kar ki wuce shi, ki je cibiyar jarrabawar kwamfuta wato CBT mai rijista da JAMB ba kowane shagon intanet ba, ki sa a buɗe miki CAPS a gabanki ki tabbata an ɗora sakamakon WAEC ɗinki, dan wallahi yara da yawa masu maki mai kyau sun rasa admishan kawai saboda shafinsu na nuna har yanzu ana jiran sakamako, ba wanda ya gaya musu. Layin wayar da kikayi rijista dashi ki adana shi kar ya ɓata. Ki tambayi ko makarantun da kike hari har yanzu suna karɓar canji, dan kowace da ranar da take rufewa kuma ba'a fafe gora ranar tafiya. Ki riƙa leƙa CAPS akai-akai dan wani lokaci jami'a da kanta take tura tayin maida mutum wani kos, in an turo kar ki danna karɓa ko ƙi cikin gaggawa, ki kwana akai ki yi istihara ki yi shawara, dan in kika karɓa an rufe maganar sauran na wannan shekarar.

Da ace ke ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, abinda zan sa ki yi shine ki cire likitancin ABU daga zaɓi na farko bana, ki nemi nas ko ungozoma da ƙarfinki, ki ajiye IJMB ta Funtuwa a matsayin madogara in waccan bata yiwu ba. Amma ke zaki yi karatun ba ni ba, in kin auna kin ga wata hanyar cikin waɗannan tafi kwanta miki ki bita. Ki rubuto min makin da kika ci a kowane darasi da abinda kika gani a CAPS sai mu ƙara dubawa tare, ki kuma gaida min Umma da kyau, Allah ya zaɓa miki mafi alheri ya sanyaya zuciyar Baba.